Sandar Mai Faci da Kanyar Inna

Tun da na dawo daga Ƙonni ban huta da tambaya ba. In na zauna sassaƙa a Ƙofar Atiku, mai zuwa sayen ƙota sai ya tambaya, mai wucewa masallaci ma sai ya ja tunga ya tsaya: wai me ya kai ni can ƙasar da Faransawa ke mulki da jakuna, na dawo da guntayen itacen girki? Har akwai masu cewa asiri na je nema. Da ina kame bakina ne don akwai dalili. Yanzu an ɗauke Baturen da ya jawo tafiyar an kai shi kudu, to ku matso ku ji. Amma don Allah kada maganar nan ta kai kunnen kukun bariki.

Baturen nan shi ne wanda muke kira Mai Faci, ƙaramin Baturen hanya. Kafin shi ban san akwai talaka a cikin Turawa ba. Wandonsa faci a gwiwa, faci a mazauni, dokinsa kuma daga nesa kana ganin haƙarƙarinsa. Ba mugu ba ne. Sai dai Bature ne, abin da ya nuna da yatsa ya zama nasa.

Turawan bariki suna da wani wasa da suke kira golf. An share musu fili, an haƙa 'yan ramuka an zagaye su da rairayi. Mutum da furfurarsa zai ajiye ɗan farin ƙwallo, ya zabga masa sanda, ya bi shi da ƙafa, in ya same shi ya sake zabgawa, har ya faɗa rami. Sai ya sunkuya ya ciro abinsa ya soma daga fari. Da ɗayanmu aka gani yana haka, da tuni dangi sun sa shi a turu. Sandunan kuwa daga ƙasarsu ake kawowa a jirgin ruwa, kowace da sunan wanda ya yi ta a jikin wani ɗan falle na tagulla da ke ƙarƙashin kanta. Sunan nan shi ne tsadar. Mai Faci ya ce mini jakar sanduna guda ta fi doki da sirdinsa. Shi kuwa babbar sandarsa mai kan itace ta tsage, ya naɗe ta da waya, manyansa suna yi masa dariya.

Ran nan sai ga shi a rumfata da sandar a hannu.

"Kai ne Labbo masassaƙi? Ina son irin wannan. Ba zan iya sayen ta ƙasarmu ba. Na ga itacen da ya dace, kanya, da danginta ake yi a can. Akwai babba a Dundaye, bakin hanyar da nake gyara. Baƙar zuciyarta nake so. Gobe a sare."

Kanyar nan a gonar Innata take. A gindinta babana ya yi sassaƙa har ya bar duniya, a gindinta na fara riƙe gizago. Tun rasuwarsa can Inna take wuni da mazarinta, tana kaɗi tana faɗa da awaki.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ɗanyen icce tsagewa shika yi. In anka sare ta yau, sai ta shekara ba ta bushe ba. Ba ni lokaci in samo maka busasshe."

Ya yi tunani ya ce ya ba ni zuwa bikinsu na ƙarshen shekara. In ban samo ba, a sare, zai jira shekarar.

Da na kai wa Inna labari ko mazarin ba ta ajiye ba. Ta ce, "Anasara na son buga ƙwallo, shi na za a kashe min inuwa? Hwaɗa mishi shi zaka da gatari biyu, guda nata guda nau."

Na zagaye Sakkwato da ƙauyukanta ban sami busasshiyar kanya mai kauri ba, don duk wadda ta faɗi mata ba sa bari ta kwana. Wani falken gishiri ne ya ce mini a kasuwa, shekarun baya Faransawan Ƙonni sun sare kanyoyi da za su gina gidan Kumandansu, ragowar tana nan jibge a bayan gidan. Sai na nufi maƙerar taubashina Arzika, ɗan gwaggona, mutumin da bai taɓa ganin aikina ya yaba ba. Na ce, "Tashi, bawana, mu tai ƙasar Faranshi."

Ya ce, "Wa ab bawan wani? Ni dai in za ni, don in tsare jakkai na, kar ka koya musu wauta."

Muka ɗaure goro a huhu, muka karɓi tsohuwar sandar a hannun Mai Faci don mu gwada kaurin itace da ita, muka kama hanya.

A gulbi muka fara shan kunya. Jakin Arzika ya ga ruwa ya kafe. Muka ja, muka tura, muka yi lallashi, masu fito suna ta dariya. Daga ƙarshe wata tsohuwa mai tallan ƙuli-ƙuli ta wuce gabansa da ƙwaryarta ta shiga ruwa, ya bi ƙamshin har tsallake. Na ce wa Arzika jaki da ubangijinsa halinsu ɗaya. Bai musa ba, don bakinsa cike yake da ƙuli-ƙulin.

Daga Kware sandar nan ta zame mana ƙaya. Duk inda muka sauke kaya sai an taru a kanta. Wani ya ce maganin kunama ce, wani ya ce da ita Anasara ke sosa baya. Wani malami ya juya ta, ya duba rubutun tagullar, ya ce shi dai kada a shigar da ita masallaci. A Gwadabawa muka sauka gidan wani mai masauki da ya san baban Arzika, aka ba mu zaure da tabarmi da fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Muka jingine sandar muka tafi sallar la'asar. Muna dawowa babu ita. Ko an sayar da ni da jakina ba za a biya ta ba. Muka birkice zauren, mai gida ya shiga rantse-rantse, sai ga uwar gidansa ta aiko da ita daga cikin gida, kanta duk tuwo.

Ta ɗaga murya daga bayan darni: "Ku hwaɗa ma wanda yas sassaƙa wagga muciya bai iya ba! Kanta ya yi gehe guda, ba ta kai gindin tukunya."

Arzika ya ce, "Gwaggo, ga shi nan zamne, ɗan uwan mai yin ta na."

Tuwon dai mun ci, na gero da miyar kuka, bai yi gudaji ba. Sandar kuwa duk wankin da na yi mata ba ta daina warin daddawa ba.

Gaba da Gwadabawa muka haɗu da wani Bafulatani, Buba, yana kiwo a bakin hanya. Shi ne mutum na farko da ya dubi sandar da idon sani. Bai kula kan ba, jikin ya kama. Ya lanƙwasa, ya kaɗa ta a iska, ya girgiza kai ya ce wannan ko maraƙi ba za ta juya ba. Ya miƙo mini tasa ta dargaza, wadda ta sha man shanu har ta yi ja. Na tanƙwara ta, ta dawo ta miƙe tsaf. Nan take na san na sami jikin sandar Mai Faci. Buba ya ce ba ya sayar da sandar kiwo, abin kunya ne. Amma da ya ga farin goro sai ya tuna yana da wata a ruga, wannan kyauta ya ba ni, goron ma kyauta na ba shi, kowa ya tafi da mutuncinsa.

Ni da na ji ana ta faɗin iyaka, na zaci katanga zan gani ko wani babban gulbi. Ashe tarin duwatsu ne a tsakiyar gonar wani bawan Allah, gaba da Illela. Mai gonar ya ce rumbunsa yana ƙasar Ingilishi, turken akuyarsa yana ƙasar Faranshi, kuma duka biyun ba sa mantawa da shi lokacin haraji. Mutanen can da na nan fuskarsu ɗaya, gaisuwarsu ɗaya. Hular masu tsaro kawai ta sake.

A rumfar 'yan duwan, masu binciken kayan matafiya, muka tarar da wani saje ƙato, yana cin shinkafa a akushi. Ya zazzage kayanmu har ya zo kan sandar. Ya ga tagulla, ya ga waya, ya ga rubutun Ingilishi, sai ya miƙe tsaye.

"Wanga makami na! Ina za ku da shi?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, abin wasa na. Ƙwallo aka bugu da shi."

"Manya da ku? To ku buga in gani. In ƙarya kuka yi, kun kwana ɗaure."

Ba mu da ƙwallo, sai Arzika ya ciro ƙwallon goriba daga aljihu ya ajiye. Ya ce in matsa, shi maƙeri ne, duka sana'arsa ce. Ya buɗe ƙafafu yadda ya ga Turawa suna yi, ya ɗaga, ya kawo da ƙarfinsa duka. Goriba tana nan inda take. Ya sake, ya juya har ya kusa faɗuwa. Ya sake, wannan karon ya kwashi ƙasa ya watsa a akushin saje. Na fara salati a zuci. Saje ya dubi shinkafarsa, ya dubi goribar da ko motsi ba ta yi ba, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce abin da ya kasa samun goriba tana kwance ba zai sami mutum yana gudu ba.

Da ya bar mu mun tafi a nan da an rabu lafiya. Amma sai ya ce a ba shi ya nuna mana. Ya kai mata duka ɗaya, goriba ta tashi tana kuka, ta tsallake rumfa, ta haye darnin gidansa. Muka ji fashewar randa, muka ji muryar mace. Saje ya cusa mini sandar a hannu ya ce, "Ku wuce, ku wuce! Ban gan ku ba."

A Ƙonni muka sauka wurin Baba Tanko, tsohon masassaƙi, don ɗan sana'a ba ya rasa ɗaki a gidan ɗan sana'a. Shi ya zagaya da mu muka ga Faransawa. Turawanmu in sun haɗu hannu suke ba juna, kowa yana tsaye kamar an dasa shi. Waɗannan kuwa ƙato da gashin baki zai kama ƙato ya sumbace shi a kumatu, hagu da dama, a gaban jama'a. Arzika ya ce in na kuskura na koyo wannan, a hanya zai bar ni. Da azahar su ci su sha wani jan abu, su rufe ƙofa, ko gobara ake ba mai fitowa sai rana ta yi sanyi. Gurasarsu doguwa ce kamar taɓarya, taurinta ma bai yi nisa da nata ba.

Wasansu shi ya fi ba mu haushi. Da yamma suka fito gindin wata bishiya da wasu ƙwallaye na ƙarfe, suna jefawa da hannu, suna musu a kan na wa ya fi kusa. Ba sanda, ba jaka, ba rami. Arzika ya tsaya yana kallo kamar zai yi kuka. Ya ce, "Da Mai Faci Bafaranshe na, da ba mu sha wagga wahala ba. Wuni guda ya ishe ni in ƙera mishi na shekara."

Washegari Baba Tanko ya bi da mu ta fadamar da aka sare kanyoyin. Nan dariya ta ƙare mini. Kututture bayan kututture, wani faɗinsa ya isa mutum ya shimfiɗa buzu ya yi salla. Ya nuna wani ya ce nan mata ke sussuka da, ya nuna wani ya ce nan ake ɗaurin aure. Ba wanda aka tambaya. Na tsaya a rana tsaka inda da inuwa ce, na ga Inna zaune da mazarinta a kan irin wannan, sai na ji tsoro na gaske.

A bayan gidan Kumandan kuma ba jibgi muka tarar ba. Kukun gidan ya shekara da shekaru yana dafa wa maigidansa miya da ragowar kanyoyin. 'Yan guntaye suka rage a gefen murhu. Na durƙusa ina ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, kuku yana kallona kamar mai taɓin hankali. Akasarinsu gara ta sha. Kaɗan ne suka amsa da ƙara mai kyau, zuciyarsu baƙa wuluk. Na juye masa sauran goronmu duka. A can goro tsada gare shi, har kuku ya ji nauyi ya ƙara mana da gurasa guda, wadda Arzika ya kori jaki da ita har gida. Da muka zo rumfar duwan matar saje tana tsaye a ƙofa, shi kuwa ya dubi sama ya ɗaga mana hannu mu wuce.

Na dawo na rufe kaina a rumfa. Guntu na fari ya tsage, na biyu na ɓata shi da garaje. Na ƙarshe shi ya ba da kai. Na sassaƙe, na kankare, na goge da ganyen baure har yana ɗaukar ido. Arzika ya narka darma ya zuba a bayan kan don nauyi, muka haɗa da sandar Buba, muka naɗe mahaɗin da zare da kakin zuma, wani baduku ya rufe mariƙin da jar fatar akuya. Sannan na yi abin da kowane masassaƙin gidanmu yake yi in ya gama aikin da ba ya jin kunyarsa. Na sa ƙarfe a wuta na ƙona shaidar babana a saman kan, sawun kaza a cikin zobe. Duk turmi da akushin da ya fita daga hannunsa yana ɗauke da ita. Ban taɓa sa ta da farin ciki irin na ranar ba.

Da sassafe muka kai wa Mai Faci a filin wasan, ba kowa sai mu. Ya auna ta a hannu, ya kaɗa, ya ajiye ƙwallo ya buga. Ƙwallo ya tashi ya yi ta tafiya har na daina ganinsa. Bature ya yi ihu ya jefar da hula. Arzika ya ce darmarsa ce.

Mai Faci ya kama hannuna yana girgizawa. "Labbo, ta fi tsohuwar! Zan gaya wa kowa. Duk Turawan bariki za su so, har na Kano da Zariya. Me zai sa mu sayi ta ƙasarmu? Za ka yi suna. Itace ya ƙare? Ba komai, ga ta Dundaye. A sare yanzu ta bushe kafin baɗi."

Ashe kyan aikin nawa shi zai kashe ta. Na so sunan nan, ba zan ɓoye muku ba. Na ga kaina ana cewa Labbo na Ƙofar Atiku har Kano.

Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, in manyanka sunka ji a Ƙofar Atiku anka sassaƙa ta, da iccen murhun kuku da sandar kiwo, mi za su ce? Ba cewa za su yi kuɗɗin ta gaske ag gagare ka ba?"

Kunnuwansa suka yi ja, ya dubi facin gwiwarsa. Can ya ce a hankali, "Da za ta yi kama da ta jirgi..."

Na ce tana iya yi. Arzika ya cire tagullar tsohuwar sandar, mai sunan nan mai tsada, ya kafa a ƙarƙashin sabuwar, ta zauna kamar don ita aka yi. Sai Bature ya ɗora yatsa a kan sawun kazar. Ban jira ya yi magana ba. Na zaro wuƙata na kankare shaidar babana da hannuna, na goge wurin da ganyen baure har ba a gane an taɓa sa komai. Muka yi alkawari, shi ba zai sake maganar kanya ba, ni ba zan ce na san sandar ba.

Ranar bikinsu na tsaya daga nesa cikin 'yan kallo. Na ga manyan Turawa suna karɓar ta hannu zuwa hannu, suna juya ta su karanta tagullar, suna gyaɗa kai. Mai Faci yana ta washe baki. Ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba, kuma haka muka shirya, amma ya yi mini ciwo.

Daga can na wuce Dundaye, Arzika yana biye da ni. Muka tarar da Inna a gindin kanya, 'ya'yan sun nuna suna zubowa, ta tara a faifai. Na gaya mata ba mai zuwa da gatari. Ba ta yi guɗa ba, ta dai tura mana faifan.

"Anasaran ya yaba?"

"Ya yaba, Inna."

"Ka sa mata shaidar gida?"

Na ce na sa, na kuma kankare, na faɗa mata dalili. Ta ci gaba da murza mazari. Sannan ta nuna jikin kanyar da haɓa, daidai inda babana yake jingina bayansa.

"Hura wuta, kai maƙeri. Kai kuma sa ta nan."

Arzika ya tattaro kara ya hura, na sa ƙarfe ya yi ja, na ƙona sawun kaza a cikin zobe a jikin ɓawon. Inna ta taso ta matso da fuskarta kusa, ta shafa gefen da yatsa.

Ta ce, "Ta karkace. Hakanan babanka ma shika yin ta."